Motar da Na Bari a Fadamar Augie

Aminu, Saratu, Nasiru, da ku jikokina da za ku karanta wannan bayan ba ni, yanzu na zo kan shekarar da kuka fi son ji, wadda ni kuma na fi ƙin faɗa. Na san abin da aka riƙa gaya muku a makaranta da bakin famfo. An ce ubanku, Sajan Bawa direba, ya tsallaka iyaka da motar soja ya sayar, ya dawo ya ce ruwa ya ci. Saratu ta taɓa shigowa gida da ɗankwali a yage saboda maganar nan, ni kuwa ban ce mata komai ba sai ta je ta wanke fuska. Shirun nan nawa ya yi tsawo, kuma ku kuka sha wahalarsa. Ban sayar da ko ƙusa ɗaya ta motar nan ba. Amma kuma ba ni da irin tsarkin da uwarku Kulu, Allah ya ji ƙanta, take ba ni in gardama ta tashi. Zan faɗa muku yadda aka yi, har da wurin da ba ya yi mini daɗi.

Aikinmu a lokacin sintiri ne a bakin iyakar arewa. Daga barikinmu na Birnin Kebbi muke tashi, mu bi ta Argungu, mu kai wa 'yan uwanmu da aka ajiye a ƙananan sansanoni abinci da magani, mu ɗebo waɗanda suka gaji mu sauke wasu, mu kuma zaga ƙauyuka don ɓarayin shanu su san akwai masu ido a wurin. Wanda bai yi aikin nan ba yana zaton abokin gabarmu ɗan bindiga ne. Ɗan bindiga sai ka yi wata uku ba ka gan shi ba, amma rana da ruwa kullum kuna tare. Da bazara sai na naɗe sitiyari da tsumma kafin in iya riƙe shi, ruwan jarka kuwa in ka zuba a kofi ganyen shayi kawai ya rage. Ƙasan takalmanmu yana ɓantarewa saboda zafin yashi, mu ɗaure da waya mu ci gaba. In rana ta take, ƙattai bakwai za ka gani a ƙarƙashin mota suna faɗa a kan inuwa kamar awaki, Kofur na ture Sajan, babu mai tuna igiyar wani. Da damina kuma komai sai ya juye. Hanyar da ka bi jiya yau babu ita, ƙafa ta yi fari a cikin takalmi har fata ta riƙa saɓulewa, sauro ya maida kowa majinyaci. Abin da muka yi ta roƙo a rubuce da kuma da baki shi ne takalma masu ƙwari, da gidan sauro, da tankin ruwa, da 'yan jiragen kwale-kwale ko biyu ne.

Sai aka aiko mana da motoci. Ba na zagin kowa, kuma kada ku zagi kowa a madadina, domin na tabbata wanda ya sayo su alheri ya nufa, sai dai bai taɓa tsayawa a fadama ruwa iya gwiwarsa ba. Ban san kuɗinsu ba, ban kuma tambaya ba. A bariki dai ana cewa guda ɗaya za ta gina asibiti a ƙauye har a yi masa rijiya. Kowace tana da ƙafa shida, taya ta kai mini ƙirji, ciki da sanyi kamar ofishin babban mutum. Har da wani maɓalli na ɗumama kujera, wai saboda ƙanƙara. A Kebbi! Mun yi dariyar maɓallin nan har muka gaji. Mutumin da ya zo koya mana tuƙinsu ya bugi ƙirji ya ce babu ƙasar da za ta tsayar da su, yashi ne, dutse ne, ko taɓo. Ni da nake yi wa maɓalli dariya, wannan maganar kam na haɗiye ta ɗungurungum, saboda a cikin direbobi goma sha ni aka fara miƙa wa makulli. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

Ranar da aka ba ni izinin gwada ta a hanya, sai na karkata Zauro don Inna, kakarku, ta gani. Yara suka biyo ni da gudu, na tsaya a ƙofar gida na danna oda. Inna ta fito da faifai a hannu, ta zaga motar sau ɗaya, ta ɗaga kai ta dube ni can sama.

"Wagga ita ta kaka tuƙi yanzu, Bawa? To ƙaƙa taka yi in ta iske laka?"

"Inna, wagga ba ta san laka ba. Waɗanda sunka ƙera ta sun ce babu ƙasad da ka tsai da ta."

"Sun ga hwadamarmu?"

Dariya kawai na yi. Ta koma gida ta ci gaba da sheƙar shinkafarta.

Dole in tsaya nan in gaya muku wani abu game da mahaifina, in ba haka ba abin da ya biyo baya zai zama muku kamar hauka. Ba ku san shi ba. Manomin shinkafa ne tun tasowarsa har mutuwarsa, kuma a gidanmu ba a shiga gonar shinkafa da takalmi. A bakin gona ake tuɓewa, a rataya a wuya ko a ajiye. Ba addini ba ne, ba kuma camfi ba ne, haka muka taso muka gani. Ina ƙarami na taɓa bin wata akuya da gudu ta tsakiyar shinkafar maƙwabcinmu, na kwantar da layi guda. Na shirya wa duka, domin dukan ya fi sauƙi. Baba bai taɓa ni ba. Ya kama hannuna ya maida ni inda na fara.

"Abin da mutane ka ci na kat taka. Duƙa ka tashe su guda-guda, wanda yak karye ka ɗaure shi."

Tun hantsi nake duƙe har la'asar, shi kuma yana tsaye a kaina bai zauna ba. Na shiga soja, na koyi fareti, na koyi cewa oda ita ce oda, na yi shekara ashirin da 'yan kai ina bin ta ba gardama. Ashe abin nan na Baba yana nan kwance bai je ko'ina ba.

A daminar shekarar nan ruwa ya yi yawan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Gulbi ya fita daga gadonsa, fadama tun daga Augie har ƙasan Birnin Kebbi ta zama ruwa ɗaya, gonakin mutane suka nutse shinkafa na da ciki. Wani sansaninmu can gaba da Augie ya yanke, mutanenmu goma sha biyu suka yi kwana tara ba a kai musu komai ba. Aka ce in ɗauki sabuwar mota, da buhunan abinci da magani, da soja shida. Shugabanmu a tafiyar Laftana Isiyaku ne, saurayi ɗan wajen Kano, mai ladabi, mai son aikinsa. Ina son ku riƙe wannan, ba mugu ba ne. Mun tashi bayan asuba. Da muka isa Argungu na ga Sarkawa masunta sun jera jiragensu a bakin gulbi, sai na ce masa, ranka ya daɗe, da za mu sauke kayan nan mu yi hayar jirage huɗu, da kafin azahar an kai.

"Sajan," in ji shi yana murmushi, "gwamnati ta kashe wannan uban kuɗi a kan mota, mu kuma mu koma mu ce da kwale-kwale muka kai kaya? Me za a ce da mu?"

Na ce gaskiya ne. Kuma a raina ni ma ina so in ga abin da motar za ta yi, har na fara shirya labarin da zan ba Inna.

Mun wuce Augie da kamar tafiyar rabin sa'a sai hanya ta ƙare. Kwalbati ya karye, ruwa na gudu ta wurin da ƙarfinsa, babu zancen shiga. Dole a kewaye. A hannun hagu akwai gonar shinkafa guda, koriya shar, ta fara fitar da kai. Mutanen tungar da ke wurin sun ɗaga mata ganuwar laka da hannu, tsayinta ya kai ƙugu, ita ta hana ruwa shiga. Ƙasar ciki mai yashi ce, da ƙafa na gwada, tana da ƙarfi, mota za ta wuce ba wahala. Sai dai kafin ta shiga sai ta fasa ganuwar, kafin ta fita sai ta sake fasawa. A hannun dama kuma fili ne shimfiɗaɗɗe, ba a shuka komai ba, sai ciyawa mai kyau da ɗan ruwa iya idon sawu. A kan ganuwar wani tsoho yake tsaye, takalmansa rataye a wuya, hannunsa duk laka. Shi ne Malam Nomau, amma a lokacin ban san sunansa ba. Bai yi kuka ba, bai durƙusa ba, ya dai gaishe mu kamar baƙi.

"Sannunku da zuwa, masu kaki. Ba ni da ikon hana ku. Amma in motag ga ta hau ganuwag ga, ruwa na shiga. Ita kaɗai ta rage muna tungag ga, ita ta abincinmu, ita ta irin baɗi."

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Laftana. "Muna da mutane can kwana tara ba abinci. Zan rubuta da hannuna, za a biya ka."

"Ba a shibka takarda, ranka shi daɗe."

Na ga abin ya taɓa Laftana. Ya dubi agogo, ya dubi ruwa, ya hau mota ya zauna kusa da ni.

"Sajan, hagu. A hankali."

Na ta da mota. Tsohon ya sauka daga kan ganuwa ya koma gefe, ya ba mu hanya da kansa. Wannan komawa gefen ita ta gama da ni. Da ya zage mu, ko ya kwanta a gaban taya, wataƙila da zuciyar soja ta taso mini na wuce. Na kawo hancin motar har gab da ganuwar, na ga kawunan shinkafa suna kaɗawa a ƙasan gilashi, sai kawai hannuna ya karya sitiyari dama, na taka mai. Laftana ya daka mini tsawa, amma mun riga mun shiga filin ciyawar. Ta yi tafiya mai kyau kamar tsawonta goma, har na fara cewa a raina to, ga shi, mai koyarwa ya yi gaskiya. Sai gabanta ya sunkuya a hankali kamar raƙumi zai durƙusa. Na sa giyar baya, na kunna duk abin da aka koya mana, ƙafafun shida suna juyawa suna haƙa wa kansu rami. Kafin in kashe inji laka ta kai ƙofa.

Babu wanda ya ji ko ƙwarzane. Ta saman mota muka fita. Mutanen tungar, waɗanda muka zo za mu kashe musu gona, su suka shigo da jirage suka kwashe buhuna ɗaya bayan ɗaya, ba a jiƙa ko guda ba. Su ne kuma suka kai mu sansani ta kan ruwa, kafin la'asar mutanenmu sun ɗora tukunya. A cikin jirgi Laftana bai dube ni ba sai da muka yi nisa.

"Sajan, hagu na ce."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan. Daga baya, a gaban kwamitin bincike, bai yi mini ƙarya ba, bai kuma ƙara gishiri ba. Har ya faɗa da bakinsa cewa na ba da shawarar jirage a Argungu shi ya ƙi. Ina yi masa addu'a har yau.

An yi niyyar kawo babbar mota a jawo ta, amma da me za ta iso? Ruwan sama bai tsaya ba, gulbi ya ƙara cika. Kwana uku, babu abin da ake gani sai sandar rediyon oba-oba ta saman motar, rana ta huɗu ita ma ta ɓace. Da masu bincike suka zo, aka nuna musu ruwa aka ce tana nan ƙasa. Wurin kuwa ba nisa da iyaka. To ku gaya mini, mutumin da ke shan shayi a tasha a Birnin Kebbi, wanne ya fi masa daɗin faɗa, laka ta ci mota ko Sajan ya sayar? Kafin a sake ni daga gadirum, ɗakin da ake tsare soja mai laifi, har an san wanda ya saya da garin da aka kai ta.

Yanzu ga wurin da ba ya yi mini daɗi. Da kwamiti suka tambaye ni dalilin da ya sa na bi dama, na ce ban san yanayin ƙasar ba, na ga fili ne na zaci ya fi sauƙi. Ƙarya na yi. Ni ɗan Zauro ne. Duk wanda aka haifa a fadama ya san manomi ba ya barin taƙi ɗaya na ƙasa ba shuka sai da dalili, kuma inda ka ga ciyawa ta yi kyau ita kaɗai a tsakiyar gonaki, ko saniya ba a bari ta bi. Na san wurin yana haɗiya. Na sani tun muna tsaye. Abin da ya faru shi ne, rabin zuciyata ta kasa taka shinkafar nan, rabi kuma tana taƙama da mota tana cewa ai wannan ba irin sauran ba ce. Tsakanin tarbiyyar Baba da girman kaina aka rasa dukiyar jama'a. Uwarku ta rasu tana gaya wa mutane mijinta bai san wurin ba, ni kuma ban taɓa gyara mata ba.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Ba a same ni da sata ba, an same ni da ƙin bin oda da salwantar da kayan gwamnati, kuma duka biyun gaskiya ne. A gaban fareti aka kwance mini igiyoyina uku, aka sallame ni, saura shekara kaɗan in cika in fita da mutunci. Aka ba mu mako biyu mu bar gidan bariki. Ranar da muka sauka a Zauro da kayanmu a bayan akori-kura, yayana Manu yana zaune a tsakar gida yana jira, ya tara maganarsa tun kafin mu iso.

"Kai dai wawa na, Bawa, tun kana yaro. Shekara ashirin cikin kaki, ka zubas saboda gonar mutumin da ko sunanai ba ka sani ba. Da ma sai da motak ka yi kamar yadda aka hwaɗi, da mun san an samu wani abu."

Kulu tana kwance ƙullin kwanoni, ba ta ko ɗago ba.

"Yaya Manu, ka bari shi sha ruwa tukun. Ni dai na san mijina ba ɓarawo ba na, kuma wanda duk yac ce haka gabana sai mun kwashi 'yan kallo."

Inna tana bakin ƙofar ɗakinta, ba ta sa baki ba sai da suka gaji. Na jira ta tuna mini maganar da ta yi ranar da na kawo motar, domin ta cancanci ta tuna mini. Ba ta yi ba.

"Bawa, gonat ta kuɓuta?"

"Ta kuɓuta, Inna."

"To ku ba shi tuwo."

A nan ne hawaye suka zo mini, ba a wurin fareti ba. Na shiga bayan gida na daɗe, na fito na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Shekarun da suka biyo baya kun san su fiye da ni, domin ni ina kan hanya ina jan motar albasa daga Augie zuwa kudu, ku kuna gida kuna fama da bakin mutane. Aminu, kai ka fi kowa biya. Na san ka karɓo takardar neman shiga makarantar hafsoshi, ka cike ta da kyakkyawan rubutunka, na kuma san da hannunka ka yaga ta bayan an sallame ni, don kada a tambaye ka sunan uba. Uwarka ta tsinto guntayen a kwandon shara ta nuna mini. Ban yi maka magana ba saboda ban san abin da zan ce ba. Yau na sani: ka yafe mini. Saratu, ke ma, da ɗankwalinki. Nasiru kai kana goye, abin da ka sani kawai ba mu da gidan bariki mai famfo.

Da kaka ta yi a shekarar da aka sallame ni, wata safiya aka yi sallama. Na fita na tarar da tsohon nan da jaki, buhu biyu a kai. Sai da ya yi tambaya tun daga Augie har Argungu har bariki kafin a kwatanta masa gidanmu. A ranar na ji sunansa. Na ce ba zan karɓa ba, domin ban yi don a ba ni ba, kuma in mutane suka gani za su ce da shinkafa aka saye ni.

"Ba taka ba ta, Sajan, ta ɗiyanka ta. Tungarmu kowa ya samu iri. In ka ƙi, nan nika aje ta ƙohwar gida in tahi, awaki su ci."

Ita ce jar shinkafar nan da kuke ƙorafi wai tana da tsakuwa, wadda Saratu take cewa ta 'yan ƙauye ce. Kowace kaka tana zuwa, shekarar da aka samu da shekarar da ba a samu ba. Kulu ta ce muku Baba Nomau ɗan uwan Inna ne, don kada ku yi ta tambaya. Ba mu haɗa komai da shi ba. Da ya rasu na zaci an gama, sai ga babban ɗansa a kan babur da buhu a baya, bara ma ya zo. Na sha gaya masa ya isa haka, shi kuma ya ce wasiyya ce, ba ruwansa.

Motar kuwa tana nan. Da bazarar farko ruwa ya janye, samanta ya fito, aka zo aka kwance abin da za a iya kwancewa, gangar jikin ta ƙi fita aka bar ta. Wasu daga cikin masu cewa na sayar sun je sun gani da idonsu, amma labarin ya riga ya yi musu daɗi, sai suka ce wata tsohuwa ce aka jefa don a rufe ido. Na daina bin kowa da bayani. Yanzu masunta suna shanya taru a kanta, mutanen wajen kuma in suna kwatance sai su ce gabas da Motar Sajan, ko yamma da Motar Sajan. Mutane da yawa sun fi ni igiya, ba a sa wa ko kwalbati sunansu ba. Na ji an ce sansanonin yanzu suna da jirage masu inji. Na yi murna da jin haka, ko da yake ban ce saboda ni ba ne.

A sallar bara, Aminu, muna zaune a zaure bayan an watse, ka yi mini tambayar da na ga ka daɗe kana riƙe da ita.

"Baba, da za a maida ka cikin motar nan yau, hagu za ka yi ko dama?"

Na ce maka shayi ya huce, ka sa a ɗumamo. Ba gudun tambayar na yi ba, amsar ce take ba ni kunya. Ga ta nan. Ba zan yi hagu ba, wannan ko sau nawa aka maida ni. Amma ba zan yi dama ba. Abin da ya kamata in yi shi ne in kashe inji, in zare makulli in miƙa wa Laftana, in dubi idonsa in ce ranka ya daɗe, ba zan taka gonar nan ba, can kuma laka ce mai haɗiya, a kira jirage, in hukunci ne a yi mini. Da gona ta kuɓuta, da mota ta koma bariki da ƙafafunta, da mutanenmu sun ci abinci a lokacin da suka ci. Wataƙila da igiya ɗaya kawai zan rasa, wataƙila duka, amma da babu wanda zai kira ku 'ya'yan ɓarawo. Na shekara ashirin ina cewa to, har bakina ya manta yadda ake cewa a'a. Sai na bar hannuna ya faɗa a madadin bakina, kuma ya faɗa da tsada. Ban ji tsoron ruwa ba, ban ji tsoron ɗan bindiga ba, amma na ji tsoron saurayin da na girme wa da shekara ashirin saboda anini biyu a kafaɗarsa. Wannan shi ne laifina, kuma shi kaɗai nake so ku riƙe a kaina.

Ina so ku je ku gan ta, ku ukun, da 'ya'yanku. Ku bari sai bazara, lokacin da ruwa ya janye. Ku tashi da sassafe saboda rana, ku ɗauki ruwa da yawa. In kun wuce Augie ku tambayi kowa, za a nuna muku. Ku nemi gidan Malam Nomau ku gaisa, ku ce ku ne masu cin shinkafar. Ganuwar tana nan, sun ƙara mata tsayi, ta kanta za ku bi ku isa wurin motar. Kafin ku hau, ku tuɓe takalma.